In Kwamfuta Ta Tashi Ta Mutu

Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta daina ba da jarrabawarta da takarda da fensir, sai da kwamfuta. Saboda haka duk na'urar da ta lalace a ɗakin kwamfutar makarantarmu asara ce ga 'yan aji shida, don layin masu jiran koyo sai ya ƙara tsawo. Ni ina cikin yaran da ke taya malaminmu kula da ɗakin nan, cutar da na fi gani kuwa ita ce a kunna na'ura ta tashi lafiya lau, kafin minti biyar ta ɗauke ɗif, ko kuwa ta sandare.

Da zarar haka ta faru sai ka ji an ce, "Bairos ne, a goge ta." Ni ban yarda da wannan gaggawa ba. Gogewa takan tafi da duk abin da mutum ya ajiye, in kuwa ciwon a jikin na'urar yake, ko sau goma aka goge ba za ta warke ba. Abin da ya kamata a fara sani shi ne, laifin na jikinta ne, ko na Windows?

Ga yadda ake rarrabewa. Kana kunnawa sai ka yi ta danna F2 ko Del, gwargwadon irin na'urar, har shafin nan da ake kira bayos ya fito. A wannan lokaci Windows bai tashi ba tukuna. Ka bar ta nan kamar minti goma sha biyar, ka zuba ido. In ta mutu a nan, to, Windows ba shi da laifi, sai a koma ga jikinta.

A ƙasarmu babban mai laifi zafi ne. Ƙwaƙwalwar kwamfuta ba ta fi girman akwatin ashana ba, amma tana ɗaukar zafi ƙwarai, shi ya sa aka ɗora mata ƙarfe mai haƙora da fanka a kai. An yi ta yadda in zafinta ya kai wajen digiri 100 za ta kashe kanta don kada ta ƙone. To, ku tuna da ƙurar hunturu. Takan taru tsakanin haƙoran nan har ta zama kamar auduga, iska ta rasa hanya. Sai na'ura ta tashi da sanyinta, zafi ya yi ta hawa, can ta ɗauke. Alamarsa ba ta ɓuya: in ka sake kunnawa nan take, za ta mutu da wuri fiye da na farko, don ba ta huce ba. Magani shi ne a zare waya daga bango, a buɗe, a share ƙurar da burushi mai laushi, a kuma duba ko fanka na juyawa. Ban da ruwa, ban da jiƙaƙƙen tsumma.

Sai kuma ram, watau ɗan siririn allon da na'ura ke riƙe aikin da take yi a kai. Yakan yi kwance a mazauninsa. A taɓa ƙarfen akwatin tukuna, sa'an nan a cire shi a mayar har ya ce ƙas. In biyu ne, a gwada su ɗai ɗai. Haka kuma a lura da wuta, don in mutuwar ba ta zuwa sai an tayar da janareta, ka san inda za ka duba.

In kuwa ta zauna daram a bayos, sai a tayar da Windows ta hanyar da ake kira sef mod, inda yake tashi da kayan aiki kaɗan. In ta yi lafiya a nan, sai a tambaya, me aka sa mata kwanan nan? A cire shi, a sake gwadawa. Amma abu ɗaya ake canjawa kowane gwaji, in ba haka ba ko ta warke ba ka san me ya warkar da ita ba.

Abu guda ne malaminmu ya hana mu buɗewa, watau akwatin wutar da ke can baya, domin yakan riƙe lantarki ko bayan an zare waya. Wannan sai mai gyara. Ina roƙon iyayenmu, kafin a kai masa, in na'urar na ba da ko minti uku ne, a kwashe muhimman takardu a filashi.