Ruwan Wardi da Lafiyar Fata

A watan Mayu na kowace shekara, manoman Ƙamsar, wani gari kusa da Kashan a ƙasar Iran, sukan yi sammako su tsinki furen wardi tun rana ba ta ɗaga ba, domin zafi yana kore ƙamshinsa. Irin wannan sammako ake yi a Ɗa'ifa ta ƙasar Saudiyya, wadda ruwan wardinta ya shahara, har akan gauraya shi da na Zamzam a wanke cikin ɗakin Ka'aba.

Yadda ake samun ruwan ba baƙon abu ba ne ga ɗalibin da ya shiga ɗakin gwaje-gwaje. Akan zuba furen da ruwa cikin tukunyar jan ƙarfe a hura wuta. Tururi ya kwashi sinadaran ƙamshi, ya bi ta bututun da ke cikin ruwan sanyi, ya koma ruwa. Mai kan taso sama a yaɗe shi. Sai an dafa wajen tan 3 zuwa 4 na fure kafin a sami kilo 1 na man. Abin da ya rage a ƙasa shi ne ruwan wardi.

Wannan ruwa yana da ɗan tsami kaɗan, kamar yadda fatar ɗan Adam take, wadda ma'aunin pH nata ke tsakanin 4.5 da 5.5. Saboda haka masu haɗa man shafawa ke son sa: yana sanyaya fuska, ba ya busar da ita kamar sabulu mai kaifi. Amma ba ya sauya launin fata, ba kuma maganin ƙuraje ko ƙyasbi ba ne.

Abin lura shi ne, ruwan wardi kusan duk ruwa ne, kuma inda ruwa yake nan ƙwayoyin cuta da fumfuna ke hayayyafa. Kwalbar da aka buɗe aka bari cikin zafi tana iya lalacewa alhali ƙamshinta yana nan. Haka kuma akwai sinadaran jeraniyol da sitironelol a cikin wardi, waɗanda kan jawo wa wasu mutane ƙaiƙayi da borin fata.

Don haka, mai karatu, ka ajiye kwalbar a wuri mai sanyi da duhu. Idan ruwan ya yi gurɓi ko warinsa ya sauya, a zubar. Kafin a shafa a fuska, a ɗiga kaɗan a cikin damtse, a jira kwana 2 a ga yadda fata za ta karɓe shi.