Maganin Iri Mai Rai

Jama'ar kasuwa, shansherar da muke aunawa ran Talata a Mafara, da yawanta albarkar Bakolori ce, madatsar da aka gama a 1978, mai shayar da gonakin Mafara da Bakura da Maradun. Amma cutar nan mai ƙona ganye ta karya wuyan zangarniya, sau da yawa cikin iri take ɓuya. A sheƙe, sai ƙaiƙayi. Manomi ya yi hasara, dillali ma la'ada ta ragu.

To, cikin ƙasa akwai ƙananan halittu, ido ba ya ganinsu, masana na ce musu Pseudomonas. Saiwa suke manne wa, su hana cuta wurin zama. A Tamil Nadu ta Indiya giram 10 aka riƙa sa wa kilo ɗaya na iri, a jiƙa ya kwana. Nodumax na IITA Ibadan ɗan'uwansa ne, amma na waken suya ne, kada a tallata wa mai shinkafa.

Mu kula fa, kayan nan rai gare shi. Zafin rumfar kwano a Afrilu kashe shi yake yi, manomi ya biya kuɗin matacce bai sani ba. Kafin ku sara, ku duba kwanan wata da lambar NAFDAC, ku ajiye a inuwa.