Tsohon Kwali Ya Zama Dukiya A Ƙasar Turawa

A watan Yuli na shekarar 2021 kamfanin gwanjo na Heritage da ke birnin Dallas a Amurka ya sayar da kwali guda na wasan Super Mario 64 a kan dala 1,560,000. Wasan nan tun 1996 ya fito, an kuma sayar da miliyoyinsa. Abin da ya ba wannan kwali daraja shi ne ba a taɓa buɗe shi ba, ledarsa tana nan yadda ta fito daga masana'anta.

Masu tara tsofaffin wasanni da manhajojin kwamfuta suna da ma'auni kamar yadda dillalan fata suke da lamba ɗaya da lamba biyu. Kamfanin Wata, wanda aka kafa a 2018, shi ya duba kwalin nan ya ba shi maki 9.8 cikin 10, ledar kuma ya ba ta A++, wato matakin ƙoli. Wani kamfanin mai suna VGA kuwa, a lokacin nasa ma'aunin daga ɗari yake lissafi.

Mai duba yakan fara da kusurwoyi, ko sun lotse. Sannan launi, ko rana ta kodar da shi. Sai ya nemi tabon ruwa, da fumfuna, da gurbin takardar farashi. In an riga an buɗe kwalin, sai ya ƙirga abin da ke ciki: faifai, littafin bayani, katin rajista, har da taswirar ƙyalle irin wadda ake sakawa cikin wasannin Ultima. Abu ɗaya ya ɓace, farashi ya faɗi.

Inda kuɗi ya taru kuwa, macuta ba su nisa. Akwai masu sake naɗe buɗaɗɗen kwali da sabuwar leda su ce fil ne. A shekarar 2022 masu tarawa suka gano an sayar musu da jabun Akalabeth da Ultima, tsofaffin wasannin Richard Garriott. A shekarar nan kuma aka kai ƙarar Wata kotu bisa zargin hura farashi. Bayan tashin 2021 kasuwar ta sauko ƙwarai.

To, 'yan'uwa masu harkar kayan gwanjo a Alaba da Ikeja, ga abin lura. Mafi yawan tsofaffin kwalaye ba su da wani kuɗi, kada mutum ya ci bashi a kansu. Amma in tsohon kwali rufaffe ya faɗo cikin kayan da aka sauke, kada a yage ledar don leƙa ciki, kada a manna salatif, kada a rubuta farashi a jikinsa. A ɗaga shi daga ƙasa, a raba shi da rana da laimar Ikko, sannan a bincika sunansa kafin a yi ciniki. Leda in ta yage, ba ta komawa.