Daga Arlit zuwa bakin teku: Kifayen da ake kamawa a kan duwatsu da ƙoton da suke ci

Kifin da ɗan Arlit ya saba da shi iri biyu ne: tarwaɗa da karfasa irin na tafkin Tabalak da ke kan hanyar Tahoua zuwa Agadez, sai kuma daskararren kifin kwali. Teku kuwa sai dai a talabijin, domin tsakanin garin da tashar jiragen ruwa ta Kwatano akwai tafiyar kusan kilomita 2,000.

Sai dai neman abinci kan kai mutum inda bai yi zato ba. Arlit ta daɗe tana zango ga masu bin hanyar Assamaka zuwa Tamanrasset ta Aljeriya, sannan rufe mahaƙar yuraniyom ta Cominak da ke Akokan ranar 31 ga Maris, 2021 ya bar ɗaruruwan ma'aikata babu aiki. Wanda tafiya ta kai shi Oran ko Kasabalanka, ko ya yi yamma zuwa Dakar, zai ga mutane tsaye kan duwatsun bakin teku da sandar fatsa. Kayan ba su da yawa: sanda, zare, ƙugiya da 'yar dalma. Ga baƙon da aljihunsa ya yi sanyi, wannan hanya ce ta samun kifin miya.

Kowane kifi da abincinsa

Ƙoto shi ne abin da ake saƙala wa ƙugiya, kuma wanda ya fi aiki shi ne abin da kifin ya saba ci a wurin.

Kifin da aka fi samu a duwatsun Maroko da Aljeriya shi ne sar, mai faɗin jiki da baƙin tabo kusa da wutsiya. Yana kiwo a cikin kumfa, inda igiyar ruwa ke dukan dutse. Yana cin jatan lande, yankan sardin, da naman mul, wato baƙin ƙwanson da ke manne a jikin dutse.

Dorad tana da haƙoran fasa ƙwanso, don haka ƙaramar ƙaguwa ko tsutsar teku ta fi jan ta. Shi kuwa bar mafarauci ne, yana fitowa da asuba ko da magariba, yana bin ƙananan kifaye. Mule, wanda Larabawa ke kira buri, burodin da aka jiƙa aka murza ya ishe shi, amma bakinsa ƙarami ne, sai da ƙaramar ƙugiya.

A Dakar, kifin da ya fi daraja shi ne cof, wanda ake rubutawa thiof. Yawan kamu ya sa ya yi ƙaranci da tsada. Ƙoton da aka fi samu da araha a can shi ne yaboy, ɗan'uwan sardin. Da yake namansa na da laushi, akan ɗaure shi da siririn zaren roba don kada ya fice wajen jifa.

Ba kowane kifi ake ci ba

Akwai talibamban teku mai farin ciki da ɗigo-ɗigo a baya, wanda ya shigo Bahar Rum ta mashigin Suwez, an kuma gan shi a gaɓar Libiya da Tunisiya da Aljeriya. Gubarsa tana kisa, dafuwa ba ta kashe ta. Raskas kuma, mai kama da dutsen da yake kwance a kai, ana cin sa, amma ƙayoyinsa na da dafi. Idan ya soki mutum, a tsoma wurin cikin ruwan zafin da fata za ta iya jurewa, a nemi likita.

Ruwan ya fi kifin muhimmanci

Babban haɗarin shi ne tekun kansa. A gaɓar Atlantika ruwa yana cika sau biyu, ya janye sau biyu a kusan kowace rana, da tazarar awa 6 da 'yan mintuna tsakanin cika da janyewa. Dutsen da mutum ya taka da busasshiyar ƙafa da hantsi zai iya zama tsibiri kafin la'asar. Cikar ta fi ƙarfi a kwanakin tsayuwar wata da kuma wajen 14 zuwa 15 ga wata, lissafin da duk mai azumi ya sani. A Oran, da ke kan Bahar Rum, cikar ba ta da yawa, amma iska kan tayar da igiya cikin ɗan lokaci.

Saboda haka a duba jadawalin cikar ruwa a waya kafin a fita. Kada a tafi shi kaɗai, kada a juya wa teku baya, a guji koren dutse mai santsi, a sa rigar kariya daga nutsewa. A kuma tambayi dokar wurin, domin wasu ƙasashe na neman takardar izini ko da fatsa ce, kuma baƙo ne ya fi shan wahala idan aka kama shi.

Wanda bai iya iyo ba, ya tsaya inda 'yan gari suka tsaya. In sun naɗe zarensu, shi ma ya naɗe nasa.