Raunin da Allura Ba Ta Ɗinkewa

Gadarif garin dawa da riɗi ne a gabashin Sudan, inda Hausawa da dama suka kafa gida tun zamanin zuwa Makka a ƙasa. Yaƙin da ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu 2023 tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF bai ci garin ba, amma ya jibge masa kayansa. Da garin Wad Madani ya faɗa hannun RSF a Disamba 2023, garin Sinja ya bi baya a ƙarshen Yuni 2024, jama'a suka kwararo, makarantu suka koma ɗakunan kwana. Ga kwalara da ta ɓulla tun Satumba 2023. Manyan asibitocin Khartum da Omdurman kuwa, har da na soja, yaƙi ya rutsa da su, nauyi ya koma kan irin Asibitin Koyarwa na Gadarif.

A irin wannan hali, likitan fagen daga aikinsa zaɓe ne. A kawo masa mutum goma, jini leda biyu. Wa zai fara taɓawa, wa zai bari? Tun zamanin Dominique Larrey, likitan sojojin Napoleon, ƙa'idar ita ce a duba tsananin rauni, ba girman muƙami ba. Sai dai ƙa'ida ba ta hana fuskar wanda aka bari dawowa cikin mafarki.

Nan ne muke kuskure. Soja ko likita ya dawo gida da hannu da ƙafa, sai mu ce ya tsira, mu yi barka. Bayan watanni barci ya ƙaurace masa. Ƙarar salansar babur ta sa ya kwanta ƙasa. Ƙaurin nama a wuta ya tayar masa da zuciya. Ya daina zuwa majalisa, yana daka wa yara tsawa ba gaira ba dalili, wani ma ya koma ga Tramadol. A gida a ce iska ce, ko sammu. Likitoci kuwa sun san ciwon: firgicin bayan tashin hankali, wanda ya samu suna a littafin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka a 1980, bayan yaƙin Biyetnam. Idan alamun suka wuce wata guda suna hana mutum harkokinsa, magani yake bukata, kuma ana samun sauƙi.

Sudan ba baƙuwa ba ce a wannan fanni. Dakta Tijani al-Mahi, wanda babban asibitin ƙwaƙwalwa na Omdurman ke ɗauke da sunansa, bai raina malaman addu'a ba. Ya fahimci cewa wurinsu marar lafiya ke fara zuwa, sai ya ja su a jiki. A ganina hanyar da ta dace da unguwanninmu ke nan: malam ya yi tofi, sannan ya ce da matar marar lafiyar, "Baiwar Allah, gobe da safe ki raka maigidanki asibiti."