Yaƙi ma yana da doka: abin da ɗaliban shari'a ke koyo a kai, da dalilin da ya sa Nijar ke buƙatar su

Ga irin tambayar da malami kan ajiye wa ɗaliban shari'a ranar jarrabawa. Mayaƙa sun shiga wani ƙauye, sun ɓoye makamai a ɗakin shan magani, ga mata da yara cikin gidajen da ke kewaye. Labari ya kai ga shugaban rundunar soja. Yana da damar kai hari? In ya kama mayaƙi ɗaya da rauni, me ya wajaba a kansa? Rijiyar da ƴan gari da mayaƙan ke sha tare, zai iya cike ta?

Fannin da ke ba da amsa shi ne dokar jin ƙai ta duniya, wadda ake kira dokar yaƙi, masu karatun Faransanci kuma suke taƙaita sunanta da DIH. Ga mutumin Difa ko Tilaberi ko arewacin Tawa, waɗannan tambayoyi sun daɗe da fita daga ɗakin karatu.

Daga ina dokar ta samo asali?

Ranar 24 ga Yuni 1859 aka gwabza a Solferino, arewacin Italiya. Wani ɗan kasuwa ɗan ƙasar Suwis, Henry Dunant, ya tarar da dubban sojoji kwance da raunuka babu mai kula da su. Abin da ya gani ya kai ga kafa kwamitin Kurwa Ruj na duniya, wato CICR, a 1863, da yarjejeniyar Jeneba ta farko a 1864. Bayan yaƙin duniya na biyu, ranar 12 ga Agusta 1949, aka amince da yarjejeniyoyi huɗu: ta masu rauni a fagen daga, ta masu rauni a teku, ta fursunonin yaƙi, da ta fararen hula. Ƙasashe 196 sun shiga cikinsu. A 1977 aka ƙara wasu biyu, ɗaya kan yaƙi tsakanin ƙasashe, ɗaya kan yaƙin cikin gida. Nijar ta shiga na 1949 a shekarar 1964, ta kuma amince da na 1977 a 1979.

Tunanin kafa wa yaƙi iyaka ya girmi Jeneba nesa ba kusa ba. Wanda ya karanta Muwaɗɗa ta Imamu Malik ya san wasiyyar Halifa Abubakar ga rundunar da ya tura Sham, inda ya hana kashe mata da yara da tsofaffi, da sare itatuwa masu ƴaƴa, da yanka dabbobi in ba don ci ba. Shi ya sa ɗalibin da ya yi karatun zaure ba ya jin baƙunta a wannan darasi.

Darasin farko: ba a tambayar wa ke da gaskiya

Nan ne sabbin ɗalibai suka fi shan mamaki. Dokar jin ƙai ba ta duba wanda ya fara faɗa ko wanda ke kan gaskiya. Wannan aikin wata doka ce daban, ta kundin Majalisar Ɗinkin Duniya. Ita damuwarta yadda ake yaƙin, kuma ta hau kan kowane ɓangare: sojan gwamnati da ƙungiya mai makamai. Dalilin a fili yake. Kowa yana ganin shi ne mai gaskiya, don haka in aka ce mai laifi kaɗai doka ta hau, babu wanda zai bi ta. Haka kuma, in abokin gaba ya taka doka, wannan bai halatta maka azabtar da wanda ka kama ba.

Darasi na biyu: ba kowace fitina ba ce yaƙi

Kafin a ɗauko kowace aya, sai an tantance irin rikicin. Kotun da ta yi shari'ar tsohuwar Yugoslabiya ta shimfiɗa ma'auni biyu a shari'ar Tadic: tsananin faɗan, da tsarin ƙungiyar da ke yin sa, wato ko tana da shugabanci da ke ba da umarni a bi. Tun harin da Boko Haram ta kai Bosso da Difa a Fabrairun 2015, babu wuya a ga waɗannan sharuɗɗa a can. Amma ƴan bindigar da ke satar shanu da mutane a yankin Madarumfa da Gidan Rumji fa? Tambaya ce da ke sa ɗalibai musu, kuma amsarta tana da nauyi. In aikin ƴan fashi ne, dokar hukunta laifi da ta haƙƙin ɗan Adam ke aiki: a kama mutum a kai shi gaban alƙali, ba a harbi sai don kare rai. In yaƙi ne, ana iya kai wa mayaƙi hari, amma bisa sharuɗɗan dokar yaƙi.

Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba: matsayin fursunan yaƙi na yaƙi tsakanin ƙasashe ne kawai. A yaƙin cikin gida, gwamnati na da ikon gurfanar da wanda ya ɗauki makami. Abin da aya ta 3, wadda ke cikin yarjejeniyoyin huɗu duka, ta hana shi ne kashe wanda ya ajiye makami, azabtarwa, wulaƙanci, garkuwa da mutane, da yanke hukunci ba tare da kotu ta gaskiya ba.

Amsar tambayar jarrabawa

Ginshiƙai uku ɗalibi zai riƙe: a bambanta mayaƙi da farar hula, kada ɓarnar da ake hasashen za ta faɗa wa fararen hula ta zarce amfanin soja da ake nema, a yi duk taka-tsantsan da zai yiwu kafin hari da lokacinsa.

Da su za mu koma ƙauyenmu. Ɗakin shan magani yana da kariya ta musamman. Yana iya rasa ta in an mai da shi ma'ajiyar makamai, amma sai an yi gargaɗi, an ba da wa'adi inda hali ya yi, an kuma ƙi ji. Ko bayan haka, dole a auna halin matan da yaran da ke kewaye. Su ma mayaƙan da suka ɓoye makamai a wurin sun taka doka. Mayaƙin da aka kama da rauni a yi masa magani kamar kowa. Rijiya kuwa, aya ta 14 ta ƙarin yarjejeniya ta biyu ta hana lalata abin da rayuwar jama'a ta dogara a kai don a jefa su cikin yunwa: abinci, gonaki, dabbobi da ruwan sha. Mai ƙona rumbunan talakawa don ya kore su daga garinsu, wannan aya da shi take.

A ina ake koyo, kuma ina ake zuwa da shi?

Hanyar ita ce karatun shari'a bayan bak, misali a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ko Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa. A tsarin da ake bi yanzu, lisans shekara uku ne, masta biyu. Dokar jin ƙai reshe ce ta dokar ƙasa da ƙasa, don haka galibi sai ɗalibi ya yi nisa yake haɗuwa da ita, a masta kuma yake ƙwarewa. Haddar ayoyi ba ta isa. Ana karanta hukunce-hukuncen kotuna, kamar na Ahmad al-Faqi al-Mahdi, wanda kotun CPI ta ɗaure shekara tara a 2016 saboda rusa hubbaren waliyyan Tumbutu, ko na Hissène Habré, tsohon shugaban Cadi, da wata kotu ta musamman ta yanke wa ɗaurin rai da rai a Dakar a wannan shekara. Akwai kuma gasar Jean-Pictet, da ake yi tun 1989, inda ɗalibai ke hawa matsayin lauyan soja ko jami'in agaji su kare matsayarsu nan take. Wanda ya haɗa Faransanci da Ingilishi ya fi samun sauƙi, domin rubuce-rubuce da yawa da Ingilishi suke.

Wanda ya gama yana iya zama alƙali, lauya, malamin jami'a, ma'aikacin diflomasiyya ko na ƙungiyar agaji. Akwai kuma aikin da ba a cika ambata ba: aya ta 82 ta ƙarin yarjejeniya ta farko ta wajabta wa ƙasa ta tanadi masana shari'a da za su riƙa ba shugabannin soja shawara.

Me ya sa yanzu?

A Fabrairun 2025 hukumomin Nijar suka buƙaci CICR ta bar ƙasar, a watan Yuni kuma ta sanar da rufe ofisoshinta. Hukumomi sun zarge ta da hulɗa da ƙungiyoyi masu makamai, ita kuma ta musanta ba su wani tallafi. A Satumba, Nijar da Mali da Burkina Faso suka sanar da ficewa daga CPI. Waɗannan matakai ba su taɓa yarjejeniyoyin Jeneba ba, domin ƙasa ce ta ɗauki alkawarin, kuma yana nan a wuyanta. Gyaran da aka yi wa kundin hukunta laifuka a 2003 ya shigar da laifukan yaƙi cikin dokar Nijar, a Disamban 2018 kuma ƙasar ta yi doka ta musamman kan ƴan gudun hijira na cikin gida.

Ma'ana, nauyin ya dawo kan ƴan ƙasa. Alƙalin da zai saurari ƙarar kisan fararen hula, masanin da zai ce wa kwamanda ya dakata, da wanda zai bayyana wa hakimi da jama'arsa haƙƙinsu da Hausa ko Zabarmanci ko Barbarci, duk daga azuzuwan jami'o'inmu za su fito. Iyayen da ɗansu ko ƴarsu ta ce za ta karanta dokar yaƙi, su sani ba karatun banza ta zaɓa ba.