Firgici da ƙwaƙwalwa: abin da Hausa ke faɗi da abin da likitoci suka gano

1. Gabatarwa

Kalmar Faransanci « traumatisme psychique » tana cikin kalmomin da ke ba masu fassara wahala duk lokacin da ma'aikatan lafiya suka buƙaci a juya takardunsu zuwa Hausa. Wani ya ce « taɓin hankali », wani ya ce « tashin hankali », wani kuma « ciwon zuciya ». A cikin wannan ƴar maƙala za mu bayyana abin da firgici mai tsanani ke yi wa ƙwaƙwalwa, da hanyoyin taimaka wa wanda ya same shi. Za mu kuma nuna cewa kalmar da aka zaɓa takan sa mai fama ya fito neman magani, ko kuma ya ɓuya a ɗaka.

Mun ɗauki misalanmu daga kudancin jahar Damagaram, watau gundumomin Magarya da Dungas, inda Guci take, da maƙwabciyarsu Kance. Yanki ne da ya ga abubuwan firgitarwa. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada, arewa da Arlit, waɗanda ƙishirwa ta kashe bayan motocinsu sun lalace a kan hanyar Aljeriya: yara 52, mata 33, maza 7, mafi yawansu daga ƙasar Kance. Daga ƙarshen 2014 Aljeriya ta fara maido da ƴan Nijar ayari-ayari ta Assamaka, kuma mata da yaran wannan yanki suna da yawa a cikinsu. A watan Satumba na 2018 kuma, ƙungiyar likitoci ta Médecins Sans Frontières, wadda ta soma aiki a Magarya tun 2005, ta ba da sanarwar cewa yara kimanin 10 ke mutuwa kowace rana a sashen yara na asibitin garin, galibi saboda zazzaɓin cizon sauro da tamowa. Uwar da ta goyo ɗa zuwa Magarya ta koma gida da zane kawai, ita ma tana cikin waɗanda muke magana a kansu.

2. Inda Hausa ke ajiye tsoro

Mu duba waɗannan jimloli da kowane Bahaushe ya sani:

(1) Gabana ya faɗi.
(2) Zuciyata ta tsinke.
(3) Hantar cikina ta kaɗa.
(4) Cikina ya ɗuri ruwa.
(5) Jikina ya yi sanyi.
(6) Bakina ya mutu.

Abu biyu za mu lura da su. Na farko, a dukkan jimlolin wani sashen jiki ne ke matsayin aikau, mutumin kuwa yana fitowa ne a wakilin suna na mallaka. Nahawu ya nuna ke nan abin afka masa ya yi, ba shi ya aikata ba. Na biyu, ƙwaƙwalwa ba ta fito ko sau ɗaya ba. Ga Bahaushe, ƙwaƙwalwa ta karatu ce da lissafi, tsoro kuwa na ƙirji ne da ciki. Likitoci sun gaskata batu na farko. A kan na biyun ne suka ƙara mana sani.

A can cikin ƙwaƙwalwa, ta wajen kowane kunne, akwai wani ɗan curi da ake kira amigdala, daga kalmar Girkanci mai nufin wani ɗan itace da ya yi kama da shi. Aikinsa gadi ne. Binciken Joseph LeDoux a Amurka, a shekarun 1980 da 1990, ya nuna cewa labarin haɗari yana iya isa ga amigdala ta gajeriyar hanya tun kafin mutum ya tantance abin da ya gani ko ya ji. Daga nan sai saƙo ya tafi ga wasu ƴan halittu da ke bisa ƙoda, su zubo sinadarin adrenalin da kortizol cikin jini. Zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya gajarta, jini ya janye daga hanji da fata ya nufi manyan tsokoki. Jimloli (1) zuwa (5) bayanin wannan hali ne daga bakin wanda ya ji shi a jikinsa.

In haɗari ya wuce, sashen ƙwaƙwalwa na goshi shi ke lallashin amigdala ta kwanta. Wani sashe kuma mai suna hipokam yana ɗaukar abin da ya faru ya liƙa masa wuri da lokaci, ya zama labarin da ya wuce. Ga wasu mutane wannan aiki ba ya kammala. Mai gadi ya ƙi barci, lallashin goshi ya yi rauni, abin da ya faru ya zauna ba tare da kwanan wata ba. Ƙarar babbar mota, warin gazuwal, kukan jariri a gidan maƙwabta, kowanne na iya dawo da mutum cikin ranar nan kamar yanzu take faruwa. Masu iya magana sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Sai mugun mafarki, da zabura, da saurin fushi, da gudun duk wurin da ke tuna masa. In waɗannan alamu suka haura wata guda suna hana mutum harkokinsa, likitoci na ɗaukar su a matsayin ciwo, wanda aka shigar a littafin cututtuka na likitocin ƙwaƙwalwar Amurka a 1980.

A 1995 Douglas Bremner da abokan aikinsa suka auna hipokam na tsofaffin sojojin yaƙin Biyetnam masu wannan ciwo, suka tarar ya fi na sauran mutane ƙanƙanta. Amma binciken tagwaye na 2002 ya nuna ƙanƙantar na iya kasancewa tun kafin yaƙin. Saboda haka masu cewa firgici yana « cinye » ƙwaƙwalwa sun zarce abin da aka tabbatar.

Jimla ta (6) ta fi jan hankalinmu, mu masu nazarin harshe. A 1996 Scott Rauch da abokan aikinsa suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar wasu masu ciwon suna sauraren labarin abin da ya same su. Suka ga aiki ya ƙaru a wajen amigdala, ya kuma ragu a sashen Broca, wato wurin nan na gefen hagu da Paul Broca ya danganta da furta magana a 1861. Mutanen da aka auna kaɗan ne, don haka a bi da sakamakon a hankali. Duk da haka ya dace da abin da ake gani: wadda ta dawo daga hamada aka tambaye ta, ta yi shiru, ba lalle taurin kai ba ne, ba kuma lalle kunya ba ce.

3. Taimako

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin kashi 70 cikin 100 na mutanen duniya sukan gamu da abin firgitarwa a rayuwarsu, amma kashi 5,6 ne kawai daga cikinsu ciwon ke kamawa. Mafi yawa suna warwarewa, kuma abin da ya fi taimaka musu shi ne kwanciyar hankali, abinci, barci, da mutane a kusa. A nan al'adarmu ba ta zo hannu rabbana ba. Zaman makoki, sadakar uku da bakwai da arba'in, kai-da-kawon masu gaisuwa, duk suna hana a bar mutum shi kaɗai, suna kuma yanka lokaci kashi-kashi, wanda shi ne aikin da hipokam ya kasa. Matsalar ita ce wanda ya dawo da rai daga Assamaka ba a yi masa zaman komi. Sau da yawa ma da bashi da gori yake tarar da gida.

Kalmar « haƙuri » tana da fuska biyu. In an faɗe ta ana zaune tare da mutum, ta'aziyya ce. In an faɗe ta don a katse shi, umurni ne na ya yi shiru. A gefe guda kuma, tilasta wa mutum ya amayar da labari a kwanakin farko ba ya hana ciwon, shi ya sa Hukumar ba ta yarda da shi ba. Littafinta na 2011 kan taimakon farko ya ginu ne bisa abu uku: a duba, a saurara, a haɗa mutum da abin da yake buƙata. A 2013 ta kuma yi gargaɗi kan ba da magungunan kwantarwa irin su Valium a watan farko. Balle tramol da matasa ke sha don su manta.

Ga wanda alamunsa suka daɗe, magani mafi inganci da magana ake yin sa. Akwai wata hanya da Frank Neuner, Maggie Schauer da Thomas Elbert suka tsara, aka gwada ta ga ƴan gudun hijirar Sudan a Uganda, aka buga sakamakon a 2004. Ana shimfiɗa igiya a ƙasa a matsayin rayuwar mutum, ya ɗora fure a kan kowane abin farin ciki, dutse a kan kowane abin firgici. Daga nan, zama bayan zama, yana ba da labarin kowane dutse da wurinsa da lokacinsa, har jikinsa ya koyi cewa abin ya wuce. Mai nazarin Hausa zai ce ana fitar da labarin ne daga « ina gani » zuwa « na gani », daga lokaci mai ci zuwa shuɗaɗɗe. Irin wannan aiki yana buƙatar horo, amma an nuna cewa waɗanda ba likitoci ba suna iya koyon sa. A Zimbabuwe, shirin Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata suna sauraren masu damuwa a kan benci a harabar asibiti, kuma sun shiga ta kalmar Shona « kufungisisa », wadda ta yi daidai da « yawan tunani » a Hausa.

Malami mai tofi da rubutun sha shi ne wanda aka fi fara zuwa wurinsa a ƙauyukanmu, kuma ba mu ga amfanin gaba da shi ba. Abin da za a roƙe shi shi ne ya san iyaka: yaro mai zafin jiki da jijjiga, ko babba mai maganar kashe kansa, a kai su likita nan take.

Saura kalma. « Taɓin hankali » maƙwabciyar « hauka » ce, kuma babu uban da zai yarda a liƙa wa ɗiyarsa ita alhali tana jiran aure. « Tashin hankali » ta yi faɗi, tana ɗaukar rikicin kasuwa da na siyasa. « Ciwon zuciya » kuwa ta riga ta zama sunan ciwon tsokar zuciya a bakin ma'aikatan lafiya. Shawararmu ita ce a yi amfani da « firgici » ko « razana » ga abin da ya faru, « ciwon bayan firgici » ga halin da ya daɗe. Ga ma'aikacin da ke zaune da majinyaci a Guci ko Dungas kuwa, tambayar da za ta fi buɗe baki tana cikin jimlolin da muka jera a sama: « Tun da abin nan ya faru, gabanki yana faɗuwa? Kina samun barci? »